Ɗan Caina nake koya wa auna fahimta na Turanci, ga shi ni ma tambayoyin sun kayar da ni

Malamin Agege:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin malaman Turanci da ke nan, musamman wanda ya taɓa zama a Caina ko ya san kan jarrabawarsu. Ku yi haƙuri, bayanin zai ɗan yi tsawo.

Shekarata 11 ina koyar da Turanci a wata sakandare mai zaman kanta a nan Agege, ajin SS2 da SS3 ne a hannuna. Yayana kuma direba ne wurin wani ɗan Caina mai harkar tayil da kayan banɗaki a Ikeja. Ɗan mutumin, yaro ɗan shekara 17, ya zo hutu wurin ubansa. Zai yi mako 6 ya koma ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, watan Yuni mai zuwa kuma ya zauna babbar jarrabawar shiga jami'a ta ƙasarsu, wadda suke kira gaokao. Uban ya tambayi Yaya ko ya san malamin Turanci. Yaya ko numfashi bai ja ba ya ce ai a ɗakinsu ma akwai farfesa. To farfesan nan ni ne, mai NCE da digirin da aka haɗa da ƙyar a lokutan hutu.

Uban ba mai yawan magana ba ne. Ya ɗauki biro ya rubuta 10 a bayan wani rasit, ya ja kibiya, ya rubuta 13. Wato tambayoyi 15 ne a sashen auna fahimta, yaron yana cin 9 ko 10, shi kuma 13 yake so. Kuɗin da ya yanka mini na mako 6 ɗin ya haura albashina na wata biyu, don haka ban tsaya dogon lissafi ba, na ce Allah ya sa albarka.

Ranar farko na hau jirgin ƙasa daga Agege na sauka Ikeja da fotokwafin wani matanin WAEC a jaka, ina jin kaina. Na miƙa wa yaron. Ya karanta, ya juya bayan takardar, ya sake juyowa, ya dube ni ya ce, "Teacher, where is A, B, C, D?" Na ce babu, da hannunka za ka rubuta amsa. Tambayar nan da ke ba 'yan ajina ciwon kai, ta a faɗi sunan yankin jimla a nahawu da aikin da yake yi, kafin in gyara zama ya gama ta. Sai dai shi attributive clause ya rubuta a inda mu muke cewa adjectival clause, kuma ya fara rubuta sunan da rubutunsu a gefe kafin ya juya shi. Amma da aka zo kan tambayar da ta ce ya bayyana da nasa kalmomin dalilin da marubucin ya sauya ra'ayi, sai ya yi tsit. Minti goma biro na hannunsa. Daga ƙarshe ya kwafo mini jimlar matanin yadda take, har da waƙafi.

Sannan ya jawo littafin atisayensa, kaurinsa ya kai bulo, ya nuna mini irin tasu takardar. Na ɗauki hoton matani na ƙarshe, wanda aka sa wa harafin D, na taho da shi gida. Da daddare an ɗauke wuta, na kunna fitilar caji na zauna na amsa tambayoyi huɗun. Jama'a, biyu na ci. Babu kalmar da ban sani ba a ciki, ko ɗaya. Amma a kowace tambaya sai in ga amsa biyu duk sun yi kama da gaskiya, in zaɓi wadda ta fi kwanta mini, in duba bayan littafi in ga ɗayar ce.

Yau kwana biyar ke nan muna abu ɗaya: ya amsa, mu duba amsa, in karanta masa matanin da ƙarfi, in yi ta bayanin kalmomin da na ga alama ya riga ya sani. Yaron mai ladabi ne, ba ya cewa komai, amma na lura yana satar kallon agogo. Ta ina ake kama irin wannan koyarwar? Ko in mayar wa mutumin nan kuɗinsa tun kafin in jawo wa Yaya abin kunya a wurin aikinsa?

Tsohon Ɗalibin Wuhan:

Wa alaikumus salam Malam. Kar ka mayar da ko sisi. Faɗuwar da ka yi a matanin D ba ta Turanci ba ce, rashin sanin hanya ne, kuma ko gwanin direban Kano aka jefa shi Oshodi ranar farko sai ya ɓata. Shekara biyar na yi a Wuhan ina karatun injiniya, abokan ɗakin gwaje-gwajenmu duk ta wannan ƙofar suka shigo, kuma har bayan shekaru ba su daina ba da labarinta ba.

Gobe ka fara tambayarsa lardin da zai rubuta, don yawanci a lardin da aka yi wa iyalinsa rajista yaro ke zama jarrabawar, kuma wurare irin Beijing da Shanghai da Tianjin suna fitar da tasu takardar daban. In dai takardar ƙasa ce ta sabon tsari, ga yadda take: maki 150, awa biyu, ranar 8 ga Yuni daga ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma. Sauraro maki 30, karatu 50, cike gurbi da nahawu 30, rubutu 40. A cikin 50 ɗin karatu, matani huɗun da ka gani su ne tambayoyi 15, uku a A, huɗu-huɗu a sauran, kowace maki 2.5. Ragowar 12.5 na wani sashe ne da ake cire jimloli biyar daga matani a ba ka bakwai ka mayar da kowace gurbinta, biyu na banza ne. Ka ga ke nan tsakanin 10 da 13 ɗin da uban ya rubuta maki 7.5 ne. A jarrabawar da mutum miliyan 13.42 suka yi wa rajista a 2024, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har kirari suke rubutawa su manna a bangon aji, wai ƙara maki ɗaya ka wuce mutum dubu. Shi ya sa uban bai yi maka maganar iya Turanci ba, lamba ya rubuta.

Matanan ma kowane da halinsa. A yawanci sanarwa ce ko talla, irin jadawalin yawon buɗe ido ko kuɗin shiga gidan tarihi, ido kawai yake so. B labarin wani mutum ne. C da D su ne bayanin bincike, ko sabuwar fasaha, ko marubuci yana kare wani ra'ayi, an ɗauko daga jaridu da mujallun Amurka da Ingila an yi musu kwaskwarima. Na yi rantsuwa ba kaffara kurakuran yaronka a C da D suke, kuma a tambayoyin da ke cewa me za a iya fahimta daga sakin layi kaza, ko wane take ne ya fi dacewa, ko mene ne matsayin marubuci.

Yanzu ga abin da ya kayar da kai. Amsoshin ƙarya ukun nan ba da ka ake zuba su ba, ƙera su ake yi, kuma malamansu sun sa wa kowace irin ƙira suna da karin magana. Akwai wadda suke cewa ɗora hular Zhang a kan Li, mu ce hular Audu a kan Garba: maganar tana cikin matanin ba ƙarya, amma masu binciken ne suka faɗa, tambayar kuma ra'ayin marubuci take nema. Akwai ƙirƙiro abu daga babu: zancen gaskiya ne a duniya, kowa ya yarda, amma matanin bai faɗa ba. Wannan ita ce mai kama manya masu ilimi irinku, don kai da saninka kake amsawa. Akwai ɗaukar ɓangare a mai da shi duka, matani ya ce some ko may, amsa ta ce all ko will. Sai ta satar musanya, a kwafo jimla kusan yadda take a sauya kalma guda a tsakiya. Abin mamakin shi ne amsar da ta fi kama da matani a ido sau da yawa ita ce tarkon, ta gaskiyar kuwa an sake mata kaya, ma'ana ɗaya kalmomi daban.

Don haka ka daina duba wace ce daidai. Ka sa shi ya ɗora yatsa a kan layin da ya ba shi amsa, sannan ya gaya maka laifin kowace ɗaya daga cikin ukun da ya ƙi. In ya kasa faɗin laifin, to canki-canka ya yi ko da ya dace. Ka kuma tambaye shi littafin kurakuransa, cuotiben suke ce masa. Da wuya a sami ɗan ajin ƙarshe a can da ba shi da shi. A ciki yake manna duk tambayar da ya faɗi. Ka karanta wannan littafin, ya fi maka kowane littafin koyarwa. Lokaci kuma, kada matani huɗun su ci fiye da kamar minti 30, don rubutu na jiransa a gaba.

Hajiya Mai Jan Biro:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Na karanta naka na karanta na ɗan'uwanka na Wuhan, kuma ban ƙi ko ɗaya daga abin da ya faɗa ba, na ma ƙaru da shi. Sai dai ina da ja a wuri guda.

Shekara 32 na yi da alli a hannu kafin in yi ritaya, na kuma daɗe ina makin takardun WAEC. Ka tambayi kanka, dabarun nan na hular Audu da hular Garba, wa ya fi iya koyar da su, kai ko malaminsa na can da ya shekara ashirin ba ya aikin komai sai wannan takardar, kuma da harshen uwar yaron yake masa bayani? In a nan za ka yi gasa da shi, ka sha kaye tun yanzu. Yaron ya san sunayen tarkunan, ina tabbatar maka, kuma duk da haka 10 yake ci. To ashe ba nan ciwon yake ba.

Ciwon ka riga ka gan shi ranar farko, ka wuce shi. Yaron da aka ce ya faɗi abu da nasa kalmomin ya yi minti goma sannan ya kwafo jimla, wannan bai karanta ba, dacen kalma yake yi. Ya ga kalma a tambaya, ya neme ta a matani, ya ɗauko abin da ke kusa da ita. Irinsu dubbai na gani a takardun 'ya'yanmu a sashen taƙaitawa, su ɗebo jimla ɗungurungum su ajiye, mu kuma mu hana su maki. Wannan dabarar tana cin matani mai sauƙi, amma ranar da amsa ta zo da wasu kaya, kamar yadda ɗan Wuhan ya ce, ba zai gane ta ba ko da sun yi karo a hanya.

Abin da kake da shi wanda malaminsa ba shi da shi shi ne ba ka jin yarensa. Ba shi da mafaka. Dole ya gaya maka da Turanci. To ga abin da zan yi in ni ce. In ninke takardar in ɓoye tambayoyin. Ya karanta sakin layi ɗaya, in kife takardar, in ce gaya mini abin da aka ce a jimla ɗaya, kada ta wuce kalma goma sha biyu, kuma ban yarda ka ari kalmar marubuci ba sai suna. Zai yi gumi, ka bar shi ya yi. In an gama duka, ya jera jimlolinsa biyar ko shida ya karanta, sannan ya raɗa wa matanin take da kansa. Sai a lokacin za ka buɗe masa A, B, C, D ya ga wacce ta yi kama da tasa. Mai zuwa kasuwa da sanin abin da zai saya, ba kowane ɗan talla ne ke juya shi ba.

Kuma kada ka raina taƙaitawar WAEC da ka iya. Ka ajiye matanan WAEC ɗin, na yarda, amma horon da ke cikinsu ka tafi da shi.

Abu na ƙarshe, ka rubuta masa matani da hannunka a kan abin da zai iya gani da ido. Tunda an ce C da D na son sabuwar dabara da bincike, ga Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya ci kyautar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwa na tashi yana janye zafi, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Matsala, dabara, yadda take aiki, iyakarta. Ai ƙashin bayan irin wannan rubutun ke nan a ko'ina. In ya ga ƙashin a abin da ya sani, zai gane shi a abin da bai sani ba.

Tsohon Ɗalibin Wuhan:

Allah ya ƙara girma Hajiya, na karɓi gyara. Tsorona ɗaya ne, mako biyar suka rage, kuma hanyarki tana cin lokaci. Yaron da ya saba yin matani takwas a rana, aka zaunar da shi kan guda ɗaya awa biyu, zai je ya gaya wa ubansa ba a aiki. Ko Malam zai raba, kwana uku naki, kwana biyu a kan agogo?

Hajiya Mai Jan Biro:

A raba ɗin. Amma matani takwas ɗin da yake yi a rana su suka kawo shi 10 suka ajiye.

Alhajin Alaba:

Malam ni ban san nahawu ba, Turancina na ciniki ne, amma shekara 14 ina zuwa Guangzhou saro kaya, don haka bar ni in yi maka maganar uban, tunda shi ke biya.

Kar ka kuskura ka yi masa alkawarin 13. In ka riga ka gyaɗa kai ranar da ya rubuta, to a wurinsa an ƙulla. Ka samu Yayanka ya sama maka minti biyar, ka gaya masa kai aikinka gano inda makin ke zuba da toshe shi. Sannan duk Juma'a ka tura masa 'yar takarda ta WeChat, ba ta WhatsApp ba: an yi matani kaza, ya ci kaza, kuskure iri kaza ya ragu. Mutanen nan in suka ga lamba a jere hankalinsu ya kwanta, in ka zo da dogon bayani da murmushi sai su ɗauka akwai abin da kake rufewa. Kar ka gyara wa yaro a gaban ubansa, kar ka yabe shi da yawa a gabansa ma, duk biyun nauyi suke musu. In an ce ƙarfe huɗu, huɗu saura goma ta same ka a bakin get, ba ruwansa da goslo ɗin Pen Cinema. In sun ba ka ruwan zafi zalla a kofi ka sha, ba rowa ba ce, haka suke sha.

Kuma don Allah kar ka gaya masa ka ci biyu cikin huɗu. Mu nan mun ji, ya isa.

Ummi 'Yar Akoka:

Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a UNILAG, ina kuma zuwa ajin Sinanci a cibiyar Confucius da ke cikin makarantar, shekarata ta biyu ke nan. Ban kai in ba malamai shawara ba, abu ɗaya kawai na lura da shi da nake ganin zai yi amfani.

Mu da Turanci tafiyarmu ɗaya a wani wuri: mukan faɗi abu sannan mu biyo shi da bayaninsa. Mutumin da ya sayi mota, the man who bought a car. Su kuwa bayanin ke gaba, sunan ya zo a ƙarshe: mai che de ren, wato kamar ka ce sayi mota, ɗan haɗi, mutum. To in jimla ta yi tsawo, da which a ciki da who a cikin which ɗin, yaron da ke fassarawa a zuci sai ya tafi ƙarshe ya jawo kaya ya dawo da su gaba, kafin ya gama ya manta wa ake magana a kai. Har suna suka ba irin waɗannan jimlolin, changnanju, doguwa mai wuya. Gwada shi da irin wannan:

The method, which farmers who lack electricity have relied on for years, may not be as wasteful as it first appears.

Ka ce ya sa fensir ya rufe duk abin da ke tsakanin waƙafi biyun, ya karanta abin da ya rage. Mai aiki da aikatau kawai. Sannan ya buɗe sauran.

Na biyu, aikatau ɗinsu ba ya sauya siffa don lokaci, saboda haka bambancin used to da had da would have yakan wuce su a guje, alhali a nan ake gane ko abu ya faru ko bai faru ba. Na uku kuma abin dariya ne, shi da ita duk "ta" suke furtawa, a rubutu ne kawai suka bambanta. Ranar da malamarmu ta nuna hoton wani ƙaton namiji ta ce "ta", duk Hausawan ajin sai da muka yi dariya. In yana ba ka labari da baki za ka ji yana cakuɗa he da she, kada ka ɗauka bai gane ba. Amma a takarda ka riƙa tsayar da shi kan kowane it da this da they ka ce wa ake nufi. Wannan zai taimake shi a sashen jimloli bakwai ɗin nan ma, don da wakilin suna da kalmomi irin however ake gane gurbi.

Malamin Agege:

Jama'a Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto bayan mako biyu. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Alhaji, ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba.

Yaron ɗan lardin Fujian ne, takardar ƙasa ta sabon tsari zai rubuta, lissafin ɗan'uwa na Wuhan ya zauna daidai. Littafin kurakuran ma akwai shi. Da na tambaya sai da ya ɗan yi jim, kamar na ce ya buɗe mini akwatinsa, sannan ya ɗauko. Kowane shafi an yanko tambaya an manna, amsarsa da baƙin biro, ta gaskiya da ja, ga bayani da rubutunsu a ƙasa. Na ce ya fassara mini bayanan. Kusan duka abu ɗaya ya rubuta wa kansa: ban yi hankali ba. Shafi wajen arba'in, ban yi hankali ba. Na ƙirga tambayoyin da kaina, mafi yawansu na me za a fahimta ne da na take, kamar yadda aka faɗa. Na ce masa wannan ba rashin hankali ba ne, mutum ba ya tuntuɓe da dutse ɗaya sau arba'in saboda ganganci. Bai ce komai ba, amma ranar bai kalli agogo ba.

Kife takarda kuwa, kwana ukun farko azaba ce gare mu duka. Sakin layi ɗaya ya ci mana minti 25. Yakan fara, ya ji kalmar marubuci na fitowa daga bakinsa, ya tsaya ya dafe kai. Akwai inda matani ya ce wani tsari is not without its critics, na ce me ake nufi, ya ce babu masu suka. Kalma biyar, duk ya san su, ya juya ma'anar a kife. Da muka warware ya ce, "So, some people don't like." Na ce shi ke nan, rubuta haka. Ya ce ai wannan Turancin yara ne. Na ce na yaran nake so.

Maganar tukunya, ban tsaya a rubutu ba. Na sa Yaya ya biya da ni muka sayi tukwanen ƙasa biyu, na ɗebi yashi a wani wurin gini, na sayi tumatir na ɗari biyar wurin wani ɗan garinmu, muka haɗa a barandarsu, rabi a ciki rabi a faranti a waje. Na rubuta matani mai sakin layi biyar, har na saka jimlar Ummi da 'yar gyara, na ƙera tambayoyi huɗu da tarkunansu. A sakin layin ƙarshe na faɗi cewa dabarar ta fi aiki inda iska ke a bushe, a wuri mai laima kamar Legas sanyinta kaɗan ne. Ya ci uku. A ta huɗun ya zaɓi B, ni kuma C na sa. Na fara bayani, sai ya ɗaga hannu kamar a aji, ya ɗora yatsa a layi na uku na sakin layi na huɗu, ya ce a nan na rubuta many villages, amma C ta ce villages in the north, kuma matanin bai ce duka ba. Na duba. Yaron ya fi ni gaskiya. Ni da na haƙa ramin ɗaukar ɓangare a mai da shi duka, ni na faɗa ciki. Wannan ce rana ta farko da na ji ya yi magana mai tsawo haka ba a tambaye shi ba, kuma ya yi dariya har da buga tebur.

Makin gwajin da muke yi a kan agogo Talata da Juma'a ga shi: 10, 9, 11, 12. Ranar 9 ɗin na tura wa uban takarda gabana na faɗuwa, ya maido mini da babban yatsa ɗaya, ban san ko na yabo ba ne ko na za mu haɗu. Har yanzu yana wuce lokaci da kamar minti shida, D ce ke cinye shi, kuma sashen jimloli bakwai ko taɓa shi ba mu yi ba.

Wani abin kuma, jiya na kife wa 'yan lesin ɗina na Agege takarda kamar yadda nake masa. Su da ke jin Turanci a titi kullum, kwafowar dai ita ce.

Yanzu uban ya aiko Yaya ya tambaye ni ko zan ci gaba da shi ta waya in ya koma. Yaron ya ce sai yammacin Lahadi kawai yake samun sarari, wajen ƙarfe 9 na darensu, mu nan 2 na rana ke nan tunda awa bakwai ce tsakani. Ɗan'uwa na Wuhan, kiran bidiyo na WeChat yana riƙewa awa ɗaya daga nan, ko in nemi wata hanya? Kuma ta yaya zan kife masa takarda alhali tana hannunsa a Fujian? Tumatirin faranti dai ya fara laushi tun shekaranjiya, na cikin tukunya har yau da sauransa, yaron ne ke zuba wa yashin ruwa safe da yamma yana rubuta kwanakin a bayan littafin kurakuransa.